Yadda Ake Zaɓe Da Sauya Makunni Mai Aiki Da Haske A Na'urorin Lantarki

Legas — Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin musayar kuɗi ya bar Naira ta nemi darajarta a kasuwa, farashin na'urorin ofis da na masana'antu da ake shigowa da su daga ƙasashen waje ya yi tashin gwauron zabo. Dalar Amurka, wadda ake canzarwa a kan kimanin Naira 460 a hukumance kafin wannan mataki, ta haura Naira 1,500 a cikin watan Fabrairun 2024. Wannan ne ya sa gyaran tsohuwar na'ura ya zama abin da ɗan kasuwa ke fara tunani kafin maganar sayen sabuwa.

Daga cikin ƙananan kayayyakin da kan tsayar da manyan injuna akwai makunni mai aiki da haske, wanda masu gyara ke kira sensa, wasu kuma su ce ido. Girmansa bai wuce ƙwayar gyaɗa biyu ba, kuɗinsa kuma ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da na injin da yake ciki. Amma idan ya daina gani, injin fotokwafi yakan yi ta nuna cewa takarda ta maƙale alhali babu ko ƙyalle a cikinsa, injin ƙirga kuɗi yakan ba da lissafi mabambanci a kan ɗauri guda, injin ruwan leda kuma yakan yanka leda a tsakiyar rubutu. Sau da yawa mai inji kan biya kuɗin sabon fanel, ko ya jingine injin baki ɗaya, a kan matsalar da wannan ɗan ido ne kawai sanadinta.

Mene ne shi, kuma yaya yake aiki?

Makunnin ya ƙunshi abubuwa biyu a cikin gidan baƙar roba. A gefe guda akwai 'yar fitila irin ta LED mai fitar da hasken infared, wato hasken da idon ɗan Adam ba ya gani, wanda tsawon zangonsa ke tsakanin nanomita 880 da 950. A ɗaya gefen akwai taransista mai jin haske, wadda ke barin wuta ta wuce idan haske ya sauka a kanta, ta kuma tare wutar idan haske ya ɗauke.

Iri biyu ne suka fi yawa. Na farko shi ne mai tsaga, wanda ya yi kama da ƙaramin sirdi, fitila da taransista suna fuskantar juna. Idan wani ɗan harshen roba, ko takarda, ko faifai mai huji-huji ya shiga tsagar, sai ya tare hasken, kwamfutar injin kuma ta fahimci cewa wani abu ya iso wurin. Na biyu shi ne mai kama hasken da ya dawo, inda fitila da taransista ke zaune kafaɗa da kafaɗa suna duban waje ɗaya. Farar takarda tana mayar da haske, baƙin tabo kuma yana shanye shi, ta haka ne injin ke bambance su.

Wannan fasaha ta girmi yawancin masu amfani da ita. John Shive na ɗakunan bincike na Bell a Amurka ne ya ƙirƙiro taransista mai jin haske a 1948, aka kuma bayyana ta ga jama'a a 1950. A 1961 James Biard da Gary Pittman na kamfanin Texas Instruments suka gano fitar hasken infared daga sinadarin galiyam asanayid, kamfanin kuma ya fara sayar da irin wannan fitila a 1962. Haɗa waɗannan biyu wuri guda ya samar da makunnin da ba shi da baki mai haɗuwa da rabuwa, don haka ba ya cin tsatsa a bakin, ba ya tartsatsi, ba ya kuma gajiya da yawan kunnawa da kashewa irin na makunnin ƙarfe.

A shekarun baya an fi saninsa a cikin bidiyon kaset da linzamin kwamfuta mai ƙwallo. A yau yana cikin firinta, da injin fotokwafi, da na'urar ATM, da 'yar firintar da ke cikin na'urar POS, da injin ƙirga kuɗi, da kekunan ɗinki na masana'antu, da injunan ƙunshe kaya. Babban injin fotokwafi guda yakan ƙunshi fiye da goma a kan hanyar da takarda ke bi.

Abubuwan da ke kawo masa cikas

Babban abokin gabar wannan ido shi ne ƙura. Tagar da haske ke bi ta ciki sau da yawa ba ta wuce faɗin milimita 1 ba, don haka ɗan garin takarda, ko garin tawada, ko hazon hunturu da kan sauko har gaɓar teku daga watan Disamba zuwa Fabrairu, ya isa ya toshe ta. A biranen bakin teku kamar Legas da Fatakwal akwai ƙarin matsalar laima da gishirin iska, waɗanda ke cin ƙafafun makunnin da bakin soket ɗinsa.

Abu na biyu shi ne tsufa. Fitilar takan zauna a kunne muddin injin na kunne, haskenta kuma yana raguwa sannu a hankali da yawan sa'o'in aiki. Zafi da yawan wuta suna gaggauta wannan rauni. Alamarsa ita ce injin ya yi aiki lafiya da safe, ya fara gardama da rana bayan ya ɗau zafi.

Abu na uku ba na lantarki ba ne ko kaɗan. Ɗan harshen robar da ke shiga tsagar yana iya karyewa, ko sifirin da ke mayar da shi ya fita daga mazauninsa. Haka kuma hasken rana yana ɗauke da infared mai yawa, saboda haka injin da aka buɗe wa murfi aka ajiye kusa da taga yana iya ruɗewa. Har ila yau, takardun kuɗi na roba, irin su Naira 20 da aka fitar a 2007 da kuma Naira 5 da 10 da 50 da suka biyo baya a 2009, suna da taga garau wadda haske ke ratsawa, abin da kan iya sa tsohon injin ƙirga ya ɗauki takarda ɗaya a matsayin biyu. A irin wannan hali sauya ido ba zai yi maganin komai ba, gama laifin na tsarin injin ne.

A gwada kafin a cire

Ƙa'idar farko ita ce kada a kai ƙarfen narkar da dalma kan fanel sai an tabbatar da mai laifi. Za a cire injin daga wuta, a bar shi ya huce, musamman injin fotokwafi wanda sashen gasa tawadarsa kan kai zafin kusan digiri 200 a ma'aunin Salshiyas. Sa'an nan a hure tsagar da iska, a goge tagogin biyu da auduga mai ɗan danshin barasar goge kayan lantarki. Fetur da tina suna narkar da robar ko su dusashe tagar har abada. Bayan haka a duba harshen robar da sifirinsa da wayar da ta tafi zuwa babban fanel.

Idan matsalar ba ta kau ba, sai a gwada fitilar. Mita da aka saita a kan gwajin dayod za ta nuna kimanin bolt 1 zuwa 1.2 ta fuska ɗaya, ta ɗaya fuskar kuma ba za ta nuna komai ba. Kyamarar wayoyin hannu da yawa tana iya ganin hasken infared a matsayin ɗan haske mai ruwan shunayya, ko da yake wasu wayoyin suna da matatar da ke tare shi, don haka rashin ganinsa a waya ba hujja ba ce ta cewa fitilar ta mutu.

Gwaji mafi inganci shi ne na ƙafar da ke kai saƙo, injin yana kunne, tare da kiyaye hannu daga sassan da ke ɗauke da babbar wuta. A fanel mai bolt 5, idan tsagar tana buɗe mita takan nuna ƙasa da bolt 0.8, idan kuma aka zura ɗan kwali mai kauri sai ta haura kusa da bolt 5. A wasu injuna akasin haka ake samu. Abin lura shi ne a ga sauyi cikakke daga ƙasa zuwa sama. Idan awon ya tsaya a tsakiya, alal misali bolt 1.5 ko 2, to ana fama da ƙura ko fitilar da ta tsufa. Kada a yi gwajin da siririyar takarda ko jar roba, domin infared yana ratsa wasu abubuwan da ido ke ganin sun toshe.

Abubuwan dubawa wajen zaɓen sabo

Mafi sauƙi shi ne a samu mai lamba ɗaya da na asali. Kamfanoni irin su Omron da Sharp da Rohm na Japan, da Vishay, da Everlight na Taiwan, da Optek, kowanne yana da jerin lambobinsa, kuma takardar bayanin kowace lamba tana samuwa kyauta a intanet. Amma sau tari lambar ta goge, ko kamfanin ya daina ƙera irinta. A nan ne ake tafka asara, domin a teburin mai sayar da kaya dukkansu baƙaƙe ne masu ƙafa huɗu. Kama da wane kuwa ba ta wane. Abubuwa shida ne ya kamata a daidaita.

Na farko, siffar jiki. A auna faɗin tsagar da zurfinta, da tazarar ƙafafu, da ko yana da kunnuwan ɗaure kusa. Tsaga mai milimita 3 da mai milimita 5 su suka fi yawa. Idan tsagar ta yi ƙunci harshen robar zai riƙa gogar ta, idan kuma tagar ta fi ta asali tsawo ko gajarta daga fanel, harshen zai wuce ba tare da ya tare hasken ba. H21A1 da H22A1 abu ɗaya ne ta fuskar lantarki, sai dai na farkon yana da kunnuwan ɗaurewa, na biyun ba shi da su.

Na biyu, faɗin taga da yawan wutar da taransistar ke bari ta wuce. Kamfanin Vishay yana ƙera TCST2103 da TCST2202 da TCST2300 a cikin gida iri ɗaya mai tsagar milimita 3.1. Tagar na farko milimita 1 ce, ta na biyu rabin milimita, ta na uku rubu'in milimita. Idan aka ba fitilar miliamfiya 20, na farko yakan ba da kimanin miliamfiya 4, na biyu 2, na uku kuwa rabin miliamfiya kacal. A ɗauka fanel yana aiki da bolt 5, da razista mai om 2,200 a kan ƙafar saƙo. Kafin awon ya sauka ƙasa da bolt 0.8 ana bukatar kusan miliamfiya 2. TCST2103 zai yi wannan cikin sauƙi. TCST2300 kuwa bolt 1.1 kawai zai iya ragewa, awon ya tsaya a bolt 3.9, injin kuma ya ci gaba da ɗaukar cewa tsagar a toshe take. Ga sabon kaya lafiyayye, an kuma ɗora shi daidai, amma injin bai tashi ba. Haka nan idan aka sa mai faɗin taga a inda ake bukatar ƙarama, injin zai tashi, amma zai rasa daidaiton wurin tsayawa.

Na uku, irin abin da ke karɓar hasken. Akwai mai taransista guda. Akwai mai taransista biyu a haɗe, wanda ake kira Darlington, irin su H21B1, mai ba da wuta da yawa amma mai jinkirin amsawa. Akwai kuma mai ɗauke da 'yar da'irar lantarki a cikinsa, wadda ke fitar da saƙo tsaf, ko sama ko ƙasa, kuma irin wannan yana bukatar a ba shi wutarsa ta daban, shi ya sa yakan zo da ƙafa biyar ko soket mai waya uku. A jerin kamfanin Sharp, lambobin da suka fara da GP1S masu taransista ne, waɗanda suka fara da GP1A kuwa masu da'ira ne. Ba a musanya ɗaya da ɗaya kai tsaye.

Na huɗu, ma'anar saƙon. A cikin masu da'ira, wani yana ba da saƙon sama idan haske ya iso, wani kuma saƙon ƙasa yake bayarwa, bambancin kuma sau da yawa harafi ɗaya ne a ƙarshen lambar. Wanda ya kuskure wannan zai ga injin yana cewa ƙofa a buɗe take lokacin da take rufe. A injunan masana'antu ana ƙara duba ko makunnin NPN ne ko PNP, da kuma ƙarfin wutar da yake ɗauka. EE-SX670 na Omron, alal misali, mai tsagar milimita 5 ne, NPN ne, yana kuma aiki daga bolt 5 zuwa 24.

Na biyar, sauri. Taransista guda takan amsa cikin kimanin kashi 10 daga cikin miliyan na daƙiƙa, Darlington kuwa yakan ninka wannan lokaci sau da yawa. Ga idon da ke lura da murfi wannan ba komai ba ne, amma ga wanda ke ƙirga juyin mota yana nufin ɓacewar lissafi. Idon da ke karanta siririn zaren roba mai layi-layi a firintar tawadar ruwa na musamman ne, an ƙera shi daidai da yawan layukan, kamar 150 ko 180 a kowane inci, kuma dole sabon ya dace da zaren.

Na shida ya shafi mai kama hasken da ya dawo, wato nisa. TCRT5000 na Vishay ya fi gani a nisan milimita 2.5, ko da yake yana aiki daga ƙasa da milimita 1 har zuwa 15. Idan aka ɗora shi nesa ko kusa fiye da yadda na asali yake, ba zai bambance fari da baƙi yadda ya kamata ba.

Razistar fitila da jerin ƙafafu

Fitilar ba ta iya kare kanta daga yawan wuta, razista ce ke yi mata wannan aiki. Lissafin mai sauƙi ne: a debe bolt 1.2 na fitilar daga ƙarfin wutar fanel, a raba abin da ya saura da yawan wutar da ake so. A bolt 5 da miliamfiya 20 ana samun om 190, sai a sa mai 180 ko 220. A bolt 12 ana samun om 540, sai a sa mai 560. Wasu masu gyara sukan rage razistar don su farfaɗo da fitilar da ta tsufa. Injin yakan tashi na ɗan lokaci, amma ƙarin wutar yana ƙarasa fitilar ne da wuri, kuma iyakar da kamfanoni kan yanka ba ta wuce miliamfiya 50 zuwa 60 ba.

Jerin ƙafafu ma ba ɗaya ba ne a tsakanin kamfanoni. Kafin a cire tsohon, ya kyautu a ɗauki hotonsa a kan fanel, a kuma bi layin da ya fito daga ƙaramar razista, domin shi ne ke zuwa ga fitilar. Akwai wani ruɗani da ya kamata a kiyaye: harafin E da aka buga a saman gidan robar yana nufin ɓangaren fitila, D ko S kuma ɓangaren mai karɓar haske, alhali a zanen da'ira harafin E sunan ɗaya daga cikin ƙafafun taransista ne. Fitilar infared ba ta jure wutar da ta zo mata a juye fiye da bolt 5 ko 6, saboda haka juya makunnin a fanel mai bolt 12 yana iya ƙona shi nan take.

Wajen ɗorawa, a zaunar da shi daram a kan fanel kafin a like, domin karkacewar milimita 1 tana iya kawar da tagar daga hanyar harshen. Kamfanoni sukan ƙayyade zafin digiri 260 na daƙiƙa 5 ko ƙasa da haka a kan kowace ƙafa, gama robar tana laushi, fitilar kuma ta gurɗe daga saitinta. Bayan an gama a maimaita gwajin kwali, sa'an nan a rufe murfin injin a gwada shi da aiki na sosai har ya ɗau zafi.

Akwai al'adar da ta zama ruwan dare ta haɗe wayoyin ido ko toshe tsagarsa da takarda don injin ya daina ƙorafi. Wannan ganganci ne. Injin fotokwafi da ba ya ganin takarda ta maƙale zai ci gaba da naɗe ta a jikin sashen gasawa, wanda kuɗinsa ya ninka na idon sau da yawa, idon murfi kuwa an sa shi ne domin kare yatsun ma'aikaci.

Kasuwa da ingancin kaya

Ana samun waɗannan kayayyaki a kasuwar Alaba da kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, da Onitsha, da Aba, da Sabon Garin Kano, haka kuma ana odar su daga manyan dillalan ƙasashen waje. Hukumar Kula Da Ingancin Kayayyaki Ta Nijeriya, wato SON, tana gudanar da shirin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su tun 2005, amma kayan da ake sayarwa ɗai-ɗai daga cikin leda ba tare da kwalin kamfani ba, mai saye ne alƙalinsu na ƙarshe. Araha ba ta ado. Batiri da razista biyu da mita sun isa a gwada ido a gaban mai shago kafin a biya.

Idanun da ake cirowa daga matattun injuna suna da amfani, musamman ga tsofaffin na'urorin da aka daina ƙera kayansu, kuma sau da yawa ido ɗaya ne kamfani ya yi amfani da shi a wurare da dama cikin inji guda. Sai dai fitilarsu ta riga ta ci wani ɓangare na rayuwarta, don haka a auna wutar da suke bayarwa a kwatanta da abin da takardar kamfani ta ce. Wannan sake amfani yana da wata fa'ida. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 a kan sharar kayan lantarki ya nuna cewa duniya ta tara tan miliyan 62 a 2022, kuma kashi 22.3 daga cikin ɗari ne kawai aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa.

Ga mai shagon fotokwafi, ko ɗan canji, ko mai masana'antar ruwan leda, ba lalle ne ya iya riƙe mita ba, amma yana da haƙƙin ya yi wa mai gyara tambayoyi uku kafin ya amince da sayen sabon fanel: shin an share idanun an gwada su ɗaya bayan ɗaya, mece ce lambar wanda aka cire da ta wanda za a sa, kuma idan lambobin sun bambanta, an duba takardun kamfanonin biyu? Ya kuma karɓi tsohon ya ajiye, ya rubuta lambar da ranar gyaran a littafin injin, ya riƙa lulluɓe injin idan an tashi aiki, musamman a lokacin hunturu.